Hawainiya a Cikin Kwali

Da zarar damina ta kankama, bishiyoyin unguwar Hotoro a Kano suka yi shar, sai 'ya'yan hawainiya su fara fitowa. Uwarsu ta haƙa rami tun ƙarshen daminar bara, ta zuba ƙwai, ta binne, ta kama gabanta. Wanda ya ƙyanƙyashe bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma tun daga ranar shi yake nema wa kansa abinci. A gidajen da ke da mangwaro da gwaba da shingen lalle, daga cikin GRA har zuwa wajen depon mai na titin Maiduguri, a wannan lokaci ne yara ke tsintar su a kan reshe, ko suna lallaɓawa za su tsallaka hanya. A da, jifa ce rabonsu. Yanzu da yara ke kallon masu kiwon dabbobi a waya, sai a ɗauke su a kai gida, a ce za a yi kiwo.

Haka ɗan maƙwabcina ya yi. Ya same ni bayan la'asar riƙe da kwalin taliya, ya ce, "Baba, don Allah duba mini, tun da na kawo ta ko ƙwara ba ta ci ba." A cikin kwalin akwai marfin gwangwani cike da ruwa, da lomar tuwo, da ganyen latas, da ƙudaje da ya kashe mata da silifa. Ita kuwa tana can lungu, ta yi baƙi, ta naɗe wutsiya, idanunta sun fara faɗawa ciki. Yaron ya yi mata duk abin da ya san ana yi wa kaza ko zomo, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Sai dai babu abu ɗaya a kwalin nan da hawainiya ke ɗauka abinci ne.

Ita mafarauciya ce, abin da ke motsi kawai take ci: fara, gyare, ƙuda, shinge, tsutsar ganye. Idanunta biyu kowanne da inda yake duba, ɗaya gaba ɗaya baya, har sai ɗaya ya hango ƙwaro, sannan ta juyo da su duka biyun a kansa ta auna nisa. Daga nan sai harshe, wanda tsawonsa kan zarce na jikinta, ya fita ya dawo da ƙwaron kafin ka ƙifta ido. Matacce ba ya tayar mata da wannan aiki. Ruwa ma haka: ba ta san ruwan kwano ba, raɓa take lasa da ɗigon ruwan sama a kan ganye. Sai ta mutu da ƙishirwa marfin gwangwani na gefenta a cike. Kuma ƙishirwar ce ke fara kashe ƙaramar hawainiya, tun yunwa ba ta kai ga yin nata aikin ba. Faɗawar idon nan alamarta ke nan.

Sai rana. Jikinta ba ya samar da ɗumi da kansa, dole ta sha hantsi kafin cikinta ya iya narkar da abinci. Hasken rana na kai tsaye ne kuma ke taimaka wa ƙashinta ya yi ƙwari, wanda ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan amfani. 'Yar hawainiyar da aka ajiye a ɗaki mai duhu ko mai na'urar sanyi, ko ta ci, ƙafafunta za su lanƙwashe, muƙamuƙinta ya yi laushi.

Amma babban abin da ke rufe mata baki shi ne tsoro. Bahaushe na cewa "hawainiyarka ta kiyayi ramata" idan yana jan kunnen mai shiga sabgarsa, ga shi kuwa a cikin dabbobin da muke zaune da su da wuya a samu wadda ta kai ta son a fita harkarta. Ba ta zama da 'yar'uwarta, ba ta son hannu, ba ta son ƙasa. Yatsunta a haɗe suke, biyu a gefe uku a gefe, don kama reshe, wutsiyarta ma reshe take riƙewa. Tafiyar hawainiyar nan da muke yi wa malalaci gori da ita, taku ɗaya gaba sai ta ɗan yi rangaji baya, dabara ce ta saje da ganyen da iska ke kaɗawa don kada tsuntsu ya gane ta. A cikin kwali babu reshe, babu ganye, sai manyan fuskoki da ke leƙowa daga sama, daidai ta inda shaho ke zuwa. Baƙin da ta yi a kwalin yaron nan maganarta ce. Mun saba cewa tana rikiɗa ne ta koma launin duk abin da ta hau, har muka laƙaba wa mai fuska biyu sunanta, alhali zafi da sanyi da fushi da firgici su ne suka fi juya mata launi. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli a fatarta, idan suka matsu ko suka ware sai hasken da ke dawowa ya sauya. A ganina mun zalunce ta da wannan suna, domin abin da ke cikinta shi ne a fatarta, ba ta ɓoye komai.

Tun muna yara ake tsorata mu da ita, a ce idan ta cije ka fatarka za ta yi dabbare-dabbare. Hawainiya ba ta da dafi. Idan ta hangame baki tana huci, ta kumbura jiki, iyakar makaminta ke nan. Har yau za ka gan ta busasshiya a shimfiɗar masu maganin gargajiya, kusa da fatu da ƙahoni. Magabata dai sun shaida ta da wayo. A tatsuniyoyin da Malam Shaihu ya rubuta, waɗanda Rattray ya buga a 1913, akwai wadda sarki ya sa tsere a kan 'yarsa, hawainiya ta maƙale a wutsiyar kanki, shi ya yi gudun ita ta samu amarya, kanki ya yi ta kuka har hawaye ya bar masa zane a ƙarƙashin ido.

Wanda ya dage sai ya yi kiwo, to ya san aikin da ke gabansa. Keji na raga mai tsayi, ba kwali ko kwalba ba, da rassa da ganye masu yawa, a inda hantsi ke sauka kuma akwai inuwar da za ta fake, don ranar Kano ta tsaka tana iya kashe ta. A yayyafa wa ganyen ruwa safe da yamma. A sakar mata ƙwari masu rai, waɗanda ba su fi faɗin kanta ba, kuma ba daga ɗakin da aka fesa fiya-fiya ko gonar da aka yi wa feshi ba. Sannan a ja baya, a daina ɗauka, a daina nuna wa baƙi. Sabuwar zuwa kan yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, haka ma lokacin da take saɓa, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Idan ta rufe ido da rana tsaka, ko ta kasa riƙe reshe, sai likitan dabbobi. Kada a ɓare mata baki a ɗura mata madara ko ruwa, shaƙewa za ta yi.

Na ce wa yaron, "Ɗana, a ina ka ɗauko ta?" Ya nuna gwabar bayan gidansu. Muka jiƙa ganyen da buta, muka ɗora ta a reshe, ta tsaya tana lasar ɗigo, sannu a hankali kore ya fara dawo mata. Iyayen Hotoro, idan yaro ya shigo da irin wannan kwali, kada ku dake shi, kada kuma ku kashe ta. Ku raka shi ya mayar da ita bishiyar da ya ɗauko ta tun idonta bai faɗa ba, ya riƙa zuwa yana kallonta a can.