Mabuɗi Ɗaya, Ƙofa Goma: Yadda Shaida Guda Ke Buɗe Wa 'Yan Kasuwar Mubi Hanya A Intanet

Duk wanda ya taɓa sayen shanu a karar Mubi ya loda su zuwa Ikko ko Badun ya san baƙo ba ya ciniki sai da maigida. Maigida shi ne ya san mutum, ya san garinsu, shi ne kuma zai tsaya masa idan an ba shi bashi. Mai shanu ba ya bukatar ya binciki asalin baƙon, maganar maigida ta ishe shi. To, a kan irin wannan tsari ne aka gina abin da masana kwamfuta ke kira shiga sau ɗaya, watau mutum ya nuna shaidarsa a wuri guda, sauran ƙofofi su buɗe masa ba tare da an sake tambayarsa ba.

Yawancin masu wayar Android a Mubi suna amfani da wannan tsari kullum ba su ma sani ba. Ran da aka sayi waya aka buɗe asusun Google, wannan suna da kalmar sirri guda su ne ke buɗe Gmail da YouTube da Play Store da kuma Drive, rumbun nan da ake ajiye hotuna da takardu a manyan kwamfutocin kamfanin da ke nesa. Irin wannan rumbu ne Turawa ke yi wa laƙabi da gajimare.

Ga yadda abin ke tafiya. A ce ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, wadda aka kafa a 1979, yana son shiga wata manhaja, sai ya ga an rubuta masa ya shiga da Google. Da ya latsa, manhajar ba za ta karɓi kalmar sirrinsa ba, sai ta tura shi wurin Google, watau maigida ke nan. Can zai rubuta sirrinsa, in kuwa ya riga ya shiga tun da safe ba za a sake tambayarsa ba. Sa'an nan Google ya rubuta wata 'yar takarda ta lantarki mai cewa wannan wane ne, an tabbatar da shi a lokaci kaza, takardar ta wannan manhaja ce kaɗai, kuma za ta daina aiki a lokaci kaza. Ya buga mata hatimi na lissafi wanda kowa zai iya dubawa ya gane na gaske ne, amma ba mai iya ƙirƙirar irinsa sai mai shi. Manhaja ta duba hatimi, ta buɗe ƙofa. Duk wannan a cikin ƙiftawar ido.

Babban amfanin dai shi ne kalmar sirri ba ta yawo. Ko ɓarayi sun fasa waccan manhaja, ba za su sami sirrin ɗalibin a ciki ba, domin tun farko ba a ba ta ba. Ƙa'idojin da kamfanoni suka yarda da su don wannan aiki sun daɗe: akwai SAML, wadda sigarta ta biyu ta fito a 2005, ma'aikatu da jami'o'i suka fi amfani da ita, da kuma OpenID Connect ta 2014 wadda ta fi yawa a wayoyi.

Gwamnatin Tarayya ma ta bi kusa da wannan hanya, ko da ya ke nata shaidar mutum ce, ba shiga manhaja ba. A Fabrairun 2014 Babban Banki ya fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, shaida guda ga dukan bankuna. A Disamban 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, a 2021 kuma hukumar JAMB ta ce ba ɗalibin da zai yi rajista sai da ita. Har wa yau a 2022 hukumar NIMC ta fito da lambar wucin gadi mai haruffa da alƙaluma 16 wadda ke mutuwa bayan awa 72, domin mutum ya ba kamfani ita maimakon ainihin lambarsa. Wannan ita ce 'yar takardar nan mai wa'adi.

Mutanen Mubi kam ba sai an yi musu dogon bayani kan darajar shaida ba. A ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga garin, jama'a sun fita da kayan jikinsu kawai, wasu Yola, wasu suka tsallaka Kamaru. Takardun makaranta da na gida da littafin bashi duk an baro su. Abin da ke cikin rumbun intanet kuwa ba ya ƙonewa, mai shi zai ari waya a ko'ina ya buɗe, muddin yana riƙe da mabuɗinsa.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. In maigida ya kwanta ciwo, baƙinsa duka sun tsaya. Ran 14 ga Disamba 2020 sashen tabbatar da shaida na Google ya tsaya na kusan awa guda, Gmail da YouTube suka ƙi buɗewa a duniya baki ɗaya. A Satumban 2018 kuma aka sace irin waɗannan takardu na lantarki na mutum wajen miliyan 30 daga Facebook, ɓarayin ba su ko bukaci kalmar sirrin kowa ba.

Sai dai haɗarin da ya fi kusa da ɗan kasuwa ba daga Amurka ya ke ba, yana nan a rumfar masu waya. An saba mutum ya sayi waya ya miƙa wa yaron shago ya buɗe masa asusu, yaro ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci har ya sa lambarsa a matsayin ta ceto, mai waya ya tafi bai tambaya ba. Ran da wayar ta faɗi a mota tsakanin Lakwaja da Ikko, lambobin dillalai da hotunan rasit da lissafin wanda ake bi duk suna nan a rumbu, amma mabuɗin yana hannun wani yaro a Mubi, wanda wataƙila ma ya bar sana'ar. Wannan sakaci ne, ba laifin na'ura ba.

Haka kuma batun layi. Mutanenmu na Agege da Sabon Badun da yawa suna da tsohon layin gida da suka jefa a akwati. Kamfanonin waya kuwa sukan karɓe layin da ya daɗe ba a aiki da shi su sayar wa wani. In da wannan layi aka buɗe asusu, to lambar tabbatarwa wurin sabon mai shi za ta riƙa zuwa. Gyaran ba shi da wuya: mutum ya shiga sashen tsaro na asusunsa, ya sauya kalmar sirri da hannunsa, ya sa layin da ke aljihunsa yanzu, ya kunna tabbatarwa mai hawa biyu, sa'an nan ya duba jerin manhajojin da aka ba izinin shiga da sunansa ya soke waɗanda bai sani ba. Lambar da ke zuwa ta saƙo kuwa, ko wanda ya bugo ya ce daga banki ya ke, ba a karanta masa ita.