Mota Mai Tuƙa Kanta da Mas'alar Sauya Layi

Daga cikin ayyukan direba a babbar hanya, kaɗan ne suka kai sauya layi haɗari, domin cikin ƙiftawa da bismilla ake so ya dubi madubi, ya kunna sigina, ya ƙiyasta gudun wanda ke tafe a bayansa, sa'an nan ya yanke hukuncin shiga ko dakatawa. Tun da yake yanzu an ƙago motoci masu tuƙa kansu, wajibi ne jama'a su san inda na'ura ta fi ɗan Adam a wannan mas'ala da inda ta gaza.

Ta fuskar gani, fifikon na'ura a bayyane yake, saboda kyamarori da rada da aka kewaye jikin motar da su suna duban gaba da baya da gefe a lokaci guda, alhali kuwa ba ta gyangyaɗi, ba ta hasala, waya ba ta shagaltar da ita. Sai dai sauya layi mu'amala ce tsakanin direbobi biyu, wadda ke bukatar firasa, wato mutum ya fahimci niyyar ɗan'uwansa daga ɗaga hannu, ko walƙiyar fitila, ko yadda ya sassauta gudu, kuma a nan ne na'ura ke yawan tuntuɓe.

Ranar 14 ga Fabrairu 2016, a garin Mountain View na jihar Kalifoniya ta Amurka, wata motar gwaji ta kamfanin Google ta tarar da buhunan yashi sun tare mata hanya, sai ta karkata hagu bisa zaton cewa bas ɗin da ke tafe a baya zai yi mata sarari, zaton da ma'aikacin da ke zaune cikinta shi ma ya yi. Bas bai tsaya ba, ta goge shi, duk da cewa gudunta bai wuce kimanin kilomita 3 a awa ba, kamfanin kuma ya amsa cewa yana da rabo a laifin. Motar ta ga bas ɗin sarai. Niyyar direbansa ce ta ɓuya mata.

Haka nan a 2019, da mujallar Consumer Reports ta jarraba tsarin motocin Tesla mai sauya layi da kansa, ta tarar yakan yanki gaban motar da ke tahowa a guje ba tare da barin isasshen fili ba. Saboda wuyar wannan mas'ala, ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta fara aiki a 2021 ta tsare motar da ke karɓar tuƙi daga direba cikin layi guda, a gudun da bai wuce kilomita 60 a awa ba, sai a 2023 aka halatta mata sauya layi bisa sharuɗɗa.

To, jama'a, motocin Kwatano masu ɗauke da wani sashe na wannan fasaha sun fara shigowa ƙasashenmu, kyamararsu kuwa da farin zanen titi take dogara, wanda a hanyoyinmu da yawa ya goge, ko ma ba a taɓa shata shi ba. Duk wanda Allah ya hore wa irin wannan mota, kada tallan masu sayarwa ya jefa shi cikin gafala: ya riƙe sitiyari, ya dubi madubi da idonsa kafin ya karkata, domin rayukan da ya ɗauko amana ce a wuyansa, kuma shi za a tambaya, duniya da lahira.