Gahawa ko Giyar Rake: Turare Biyu na Kakar Turai

A Turai, da watan Satumba ya kama, ganyen itatuwa ya fara ja yana zuba, sai masu turare su ture na furanni gefe su fito da masu nauyi da ɗumi. Biyu daga cikin waɗanda ake yawan nema a wannan lokaci 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Maison Margiela na birnin Faris, cikin jerin da ya kira Replica. Jazz Club ya fito a 2013, Coffee Break kuma a 2019. Na farko yana kwaikwayon gidan rawa da shaye-shaye a Burukilin ta Amurka, na biyu ɗan shagon shan gahawa a ranar sanyi.

Jazz Club ba ya ɓoye-ɓoye. Feshin farko yaji ne da lemun tsami, kafin ka ankara ƙamshin giyar rake, wadda ake kira ram, ya taso, mai zaƙi da ɗan zafi a hanci. Daga baya ganyen taba da banila su zauna, saiwar jema tana riƙe da su daga ƙasa don kada zaƙin ya yi yawa. Wadda ta haɗa shi, Alienor Massenet, ta san aikinta, domin kowane ƙamshi yana jiran lokacinsa, babu mai tsere wa wani. Yana kuma kama tufa. Ka fesa wa babbar riga da safe, da la'asar yana nan.

Coffee Break kuwa sunansa ya fi shi ƙarfi. Wanda ya saba da gahawar Larabawa mai ɗaci, ya saya da tsammanin zai ji ta, zai yi mamaki. Madara ce ta fi yawa, da furen labanda, gahawar tana can baya kamar baƙuwa mai kunya. Laushi gare shi, ba ya damun na kusa da kai, amma a fatata bai cika daɗewa ba, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

In gwaninta ake aunawa, Jazz Club ya yi gaba, ba gardama. Sai dai turare ba don hancinka kaɗai kake saka shi ba. Bature zai ji ram da taba ya tuna hira da kiɗa. Dattijon da ka tsaya kusa da shi a sahun Juma'a ba lallai ya yi wannan fassara ba, kuma ba za ka bi mutane ɗaya-ɗaya kana bayanin cewa ƙamshi ne kawai ba. Batun sinadarin barasa da ake narkar da yawancin turaren feshi a cikinsa wani zance ne daban, ya shafi duka biyun, malamai ma sun saɓa a kansa.

Ga kuma yanayi. An yi su ne don sanyi. A zafin bazara zaƙin Jazz Club yana kumbura har ya hau kai, madarar ɗan'uwansa kuma ta gundure ka. Sai hunturu ya sauko suke nuna kansu.

Mai zuwa ofis da masallaci da gidan surukai, Coffee Break ya fi masa kwanciyar hankali. Ni dai da kuɗin kwalba ɗaya ne a hannuna, Jazz Club zan ɗauka, in ajiye shi don daren Disamba.