Bayani A Kan Mabiyiya Da Tsamin Jinin Jariri

Ku sani, jariri a cikin ciki ba ya numfashi da huhunsa. Mabiyiya ce huhunsa, ita ce kuma akushinsa. Nauyinta kamar rabin kilo ne, tana manne da bangon mahaifa. Igiyar cibiya kuwa jijiya uku gare ta: ɗaya tana kai masa jini mai iska, biyu suna komo da wanda ya gama amfani da shi.

To, idan iskar nan ta ragu, sai jikinsa ya shiga sarrafa abinci ba tare da ita ba, daga nan tsami ya taru cikin jini. Likitoci suna auna shi da ma'aunin pH, wanda Sorensen mutumin Denmark ya ƙago a 1909. Da an haihu sai su matse igiyar wuri biyu, su ɗebi jini a tsakani. Na lafiyayye yakan kai wajen 7.25. Idan ya sauka ƙasa da 7.0, akwai tsoron taɓuwar ƙwaƙwalwa, ko da yake da yawa cikin irin waɗannan yara sukan tashi lafiya.

Amma lamba ba ta faɗin dalili, sai a tambayi mabiyiya. Idan aka ga gudan jini liƙe a bayanta, alama ce ta ɓamɓare daga mahaifa tun yaro bai fito ba, wannan kuwa farat ɗaya yakan auku. Idan wurare farare masu tauri aka gani da yawa, watau nama ya mutu domin jinin uwa bai ishe shi ba, to wahalar ta makonni ce, galibi tare da hawan jini irin mai kai mace ga jijjiga. Kumburin tantani kuwa yana nuna ƙwayoyin cuta sun shiga, musamman idan faya ta fashe da daɗewa. Wani lokaci kuma a same ta lafiya ƙalau, matsewar igiya ce ko doguwar naƙuda. A 2014 masana suka taru a Amsterdam suka daidaita sunayen waɗannan alamomi.

Ga al'ada ba a barin mabiyiya ta daɗe, binne ta ake yi. Amma idan jariri ya fito bai yi kuka ba, jikinsa a sake, ya kamata maigida da ungozoma su bari likita ya duba ta tukuna, domin wasu daga cikin cututtukan nan sukan sake dawowa a ciki na gaba.