Daga Makarfi zuwa Makka: Sukarin da ke ɓoye a abincin matafiyi

Idan ka tashi a Makarfi, Kudan ko Ikara, ba sai an koya maka zaƙi ba. Ka saba ganin manyan motoci suna lodin rake, ka kuma san ƙamshin mazarƙwaila idan ana dafa ruwan rake. Sai dai a gida kai ke riƙe da cokali. Mai shayi yana tambayarka kafin ya zuba, rake kuwa sai haƙori ya wahala kafin ka gama gaɓa biyu. Ranar da ka sauka Jidda, Alƙahira ko Delhi, cokalin ya bar hannunka.

A Masar za ka ga shagunan da ake tatse rake a gabanka, a miƙo maka kofi cike da ruwansa mai sanyi. Rake ne dai irin naka, amma abin da za ka ɗau lokaci kana tauna, nan cikin minti ɗaya ka shanye shi. A Indiya, inda mutanenmu da yawa ke zuwa neman magani, shayin bakin titi tare ake dafa shi da madara da sukari, babu damar ragewa. Mazarƙwailarsu kuma, wadda suke kira gur, kada launinta ya ruɗe ka, ita ma sukari ce. A Saudiyya ga dabino, ga kunafa da basbusa da aka jiƙa da ruwan sukari, ga lemon gwangwani da ke zuwa tare da shinkafa da kaza.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci, har da na zuma da ruwan 'ya'yan itace, ya kasance ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kuzarin da yake samu a rana, wato kimanin giram 50, ƙaramin cokali 12. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35. Ka sha biyu, ka wuce iyaka tun kafin shayin dare. Saudiyya da kanta ta ɗora harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemon kwalba a 2017.

Idan kana da ciwon sukari, ko za ka raka mahaifiyarka mai shi, hatsarin ta fuska biyu ne. Zaƙi yana ɗaga sukarin jini, doguwar tafiya kuma tana iya faɗar da shi. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita 3, ga ɗawafi, ga zafin rana. Wanda ya sha magani bai ci abinci ba yana iya jin jiri, karkarwa da gumi. Don haka ka sa dabino kaɗan a jaka saboda irin wannan lokaci.

Kafin ka tashi, ka ga likitanka, ka tanadi maganin da zai ishe ka, ka sa shi a jakar hannu, allurar insulin kuma ka nisanta ta da zafi. Ka riƙe kalmomi biyu: «bidun sukkar» a ƙasar Larabawa, «bina chini» a Indiya, duk suna nufin ban da sukari. A gidan abinci ka nemi ruwa maimakon lemo, kayan zaƙi kuma ku raba faranti ɗaya da abokin tafiya.

Kai da ka taɓa fita, wane abinci ne zaƙinsa ya ba ka mamaki? Ka faɗa mana a ƙasa, masu shirin tafiya su amfana. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.