Yadda ake gano na'urar ɗaukar bidiyo mai aiki da Linux

Tun bayan da kamfanin Funai na ƙasar Japan ya daina ƙera na'urar kallon kaset ɗin bidiyo a shekara ta 2016, jama'a da dama ke hanƙoron kwashe tsofaffin faifansu zuwa kwamfuta kafin su lalace.

Wannan aiki yana buƙatar wata 'yar na'ura da ke karɓar hoto da sauti ta miƙa wa kwamfuta. Sai dai masu amfani da Linux, babbar manhajar nan da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, wadda kowa ke da ikon dubawa da gyarawa, sukan sayi na'urar amma ta ƙi aiki.

Ina matsalar take?

Kowace na'ura tana buƙatar ƙaramar manhaja, wato direba, wadda ke yi mata tafinta da kwamfuta. Yawancin kamfanoni Windows kawai suke rubuta wa direba.

A Linux kuwa, akasarin direbobin suna cikin manhajar kanta, ƙarƙashin tsarin Video4Linux, kuma ana rubuta su ne domin ƙwaƙwalwar lantarkin da ke cikin na'urar, ba domin sunan da ke jikin kwali ba.

Misali, na'urori masu araha da ake sayarwa da sunan EasyCAP kamanninsu ɗaya ne, amma wata na ɗauke da ƙwaƙwalwar STK1160, wata UTV007, wata kuma ta kamfanin Empia. Kowace da nata direban. STK1160 ta samu gurbi a Linux a 2012, yayin da UTV007 ta samu a 2013.

Me ya kawo sauƙi?

A 2003 ne aka fitar da ƙa'idar UVC, wadda ta tanadi yare guda da na'urorin bidiyo masu amfani da kafar USB za su riƙa magana da shi. Linux ta ɗauki direban wannan ƙa'ida a 2008.

Saboda haka na'urar da ta bi ƙa'idar, kamar Cam Link 4K ta kamfanin Elgato, takan fara aiki da zarar an jona ta. Wasu kamfanonin kuma, irin su Blackmagic Design, suna samar da nasu direban na Linux.

Me ya kamata mai saye ya duba?

Da farko ya nemi alamar UVC. Idan babu, sai ya jona na'urar ya rubuta umarnin lsusb, wanda zai nuna lambobin shaidarta, sannan ya gwada su da jerin da ke shafin intanet na LinuxTV.

Na biyu shi ne tsarin hoto. Kaset ɗin da aka naɗa a Najeriya, ciki har da finafinan Hausa na shekarun 1990, suna kan tsarin PAL ne, yayin da Amurka ta yi amfani da NTSC. Idan ba a saita tsarin daidai ba, hoton kan fito babu launi ko yana rawa.

Mafi aminci dai shi ne a gwada na'urar da manhajar VLC ko OBS Studio kafin a biya kuɗi.