Leɓe: Na Mutum, Na Fure Da Na Ƙwaro

Ran nan muka tambayi waɗansu ɗalibai masu koyon aikin malanta amfanin leɓe. Suka yi ta dariya, suna tsammani wasa mu ke yi. To, ba wasa ba ne, gama a wannan ɗan abu akwai darasin da zai ishi malami mako guda, har ma ya ceci rai.

Mu fara da namu. A cikin leɓe akwai tsoka wadda ta kewaye baki kamar zariya, ita ke tsuke shi ta sake. Da ita jariri ke kama nono, da ita mai kakaki ke busa. In malami ya ce wa yara su faɗi ba, ɓa, ma, ba tare da sun haɗa leɓunansu ba, nan da nan za su gane aikinsu. Fatar leɓe ba ta da kauri, ba ta kuma yin gumi, shi ya sa ta kan tsattsage da hunturu sai an shafa man kaɗanya.

Leɓen sama gutsattsari ne su ke haɗuwa tun jariri na ciki, kafin ya cika wata biyu. In ba su haɗu sosai ba sai a haife shi da leɓe a tsage. Wannan ya kan sami kamar ɗaya cikin haihuwa 700. Irin wannan jariri ya kan sha wuyar tsotso, ya rame, alhali likita na iya ɗinke wurin tun yana ɗan wata uku zuwa shida. Saboda haka duk malamin da ya ga irinsa a ƙauye, lalle ya gaya wa iyaye su kai shi asibiti, kada kunya ta sa su ɓoye shi.

Sai tsire-tsire. A tsinko furen ɗoɗɗoya, ko na tumuku, ko na rizga, a duba. Duk dangi ɗaya ne, ƙaransu na da kusurwa huɗu, ganyensu biyu-biyu suna fuskantar juna, furensu kuwa kamar baki ne a buɗe, da leɓen sama da na ƙasa. A kan na ƙasan ƙudan zuma ke sauka. Sa'ad da ya ke zura baki neman zaƙi, sai garin furen ya shafe shi a ciki, ya kai wa wani fure, da haka 'ya'ya ke samuwa.

Ƙwari ma suna da nasu. Fara na da leɓen sama da na ƙasa, su ke riƙe ganye tana tauna. Na ƙuda ya zama kamar soso. Ba ya iya tauna, sai ya zuba yawu a kan abinci, ya narke, kana ya tsotse. Ga shi daga juji ya fito, to, ina mamakin zawo? Na macen sauro kuwa kube ne, a cikinsa akwai allurai 6 siraru. In za ta yi cizo sai kuben ya lanƙwashe baya, allurai su shige fata. Ta nan ƙwayar zazzaɓi ke shiga jini. Wani likita Bature, Ronald Ross, shi ya ga ƙwayar a cikin sauro a ƙasar Indiya cikin 1897.

Roƙonmu ga malamai shi ne kada su tsaya ga rubutu a allo, yara na haddacewa. A kawo fara da fure cikin aji, ko wane yaro ya riƙa da hannunsa, ya zana abin da ya gani. Wanda ya ga bakin ƙuda da idonsa ba sai an yi masa faɗa zai rufe tuwonsa ba. Gani ya kori ji. Allah ya sa mu dace, amin.